Ranar da Aka Wanke Fuskar Amarya

"Kowa ya kwanta! Ƙasa na ce, 'yan banza, ƙasa!"

Tau! Harbi ɗaya a sama. Tsuntsayen kan ɓaure suka watse, tiren shayi ya kife, ƙananan kofuna suka tarwatse a kan duwatsu. Ƙarfe goma na safe ne, lokacin da ma'aikatan da ke tono kufan tsohon birni ke hutun karyawa. Su goma sha huɗu ne a inuwa ɗaya, bakin kowa cike da burodi da cuku da zaitun. Ba wanda ya lura da wata farar a-kori-kura sai da ta ci burki a gindin ginshiƙai. Mutum biyu suka diro, fuska a rufe da hular sanyi, kowa da bindigar farauta. Na ukun ya tsaya a sitiyari, bai kashe inji ba.

Rahmi Usta, wato Gwani Rahmi, babban masassaƙin duwatsun wurin, ya kifa cikinsa a ƙasa kamar kowa. Sauran tsoro ne ya kama su. Shi kuwa takaici ne ya cika shi, don ya san muryar nan sarai. Shekara ashirin yana jin ta a teburin cin abincinsa tana neman ƙari. Tayfun ne, ƙanin matarsa.

Ba haka suka yi da shi ba. Cewa aka yi sai nan da sati biyu, ranar Lahadi da ba kowa a wurin, ba bindiga, ba ihu, shi dai nasa ya bar ƙofar rumfa a buɗe. Ga shi yau Talata, ido na ganin ido, ɗan iskan ya zo yana harbin sama kamar a gidan biki.

Sabri maigadi ya taho a guje daga bakin ƙofa, usur a baki, tsoho ɗan shekara sittin da 'yar sandarsa. Ƙaton na biyu, Dursun, bai tsaya wata magana ba. Ya juya gindin bindiga — ƙum! — a fuska. Sabri ya zube, hannu biyu a kan ido, jini na bin tsakanin yatsunsa.

"Wani ma ya motsa!" in ji Dursun. "Don Allah wani ya motsa, in huce gajiyar hanya!"

Tayfun ya miƙe sai rumfar da ke gefen tsohon gidan wanka. Ya san inda za shi. A ciki, a kan tebur, Amarya take.

Amarya ba mutum ba ce. Kan mutum-mutumin wata mace ne na farin dutsen marmara, girman babbar kankana, wanda aka tono bara daga cikin laka. Shekara dubu biyu tana kwance a ƙasa tana shan gishiri. Irin wannan dutse in aka bari ya bushe farat ɗaya, gishirin ne zai taso ya ɓarke fatarsa, ta dinga zuba kamar gari. Shi ya sa ake dama takarda da ruwa ta yi kauri, a shafe fuskar da ita, a bari ta tsotse gishirin a hankali, bayan kwana uku a ɓare a sake sabuwa. Wata takwas ke nan ana wannan hidima. Kullum tana lulluɓe da fari, ma'aikata suka sa mata Amarya, sunan ya bi ta. A ƙarƙashin lulluɓin kuma akwai abin da ba a taɓa samu ba a duk kufan: jan fenti a leɓenta, na ainihi, tun na hannun wanda ya sassaƙa ta.

"Kada ka taɓa ta!"

Nurten Hoja ce, wato Malama Nurten, shugabar aikin gyaran duwatsu, 'yar siririyar mace mai furfura a goshi. Ta miƙe tsaye, bakin bindiga na kallonta.

"A jiƙe take! In ka ɗaga ta haka fuskar za ta zube!"

"Hoja, kwanta, ko in kwantar da ke."

"Ga makullin motata. Ga wayoyinmu, ka kwashe duka—"

"Riƙe tsiyarki. Dursun, buhu!"

Dursun ya hankaɗe ta ta faɗi, ya zaro buhu daga ƙugunsa ya karkaɗe. Buhun taki ne. Buhun taki, jama'a! Har da sauran garin takin a gindinsa.

Tayfun ya zo ya shuri Rahmi a haƙarƙari, don dai a gani.

"Kai tsoho! Kai ne mai duwatsun ko? Tashi ka zura mana ita ciki!"

A nan ne Rahmi ya tafka wautar da ta fi ta kowa. Da ya zura ta a buhun, da ba mai zarginsa har abada. Amma hannun da ya shekara ashirin da shida yana lallaɓa dutse ya ƙi. Ya zagaya bayan buhunan farar ƙasa ya jawo wani akwatin katako. Shi ya haɗa shi da kansa a gida, ya ɓoye a nan tun makon jiya. Cikinsa soso ne da ya fere daidai kumatunta, daidai hancinta, daidai tudun gashinta. Ya tallabo ta ta ƙasan haɓa, ya kwantar da ita. Ta zauna cif. Ya rufa mata jiƙaƙƙen tawul, ya danne murfi. Duka-duka bai kai minti biyu ba.

Da ya ɗago, idonsa ya faɗa cikin na Nurten Hoja. Tana kwance, kunci a ƙasa. Ta kalli akwatin, ta kalle shi. 

"Da kai za mu!" Tayfun ya finciki kwalarsa. "Ku kuma wanda ya biyo mu, gawar tsohon nan zai tsinta! Zeki, mu ware!"

Motar ta fizga — tsakuwa ta tashi — sun fice.

* * *

"A hankali, ɗan jakar uba! Rami ne a gabanka!"

Rahmi ne ke ihu daga kujerar baya, akwati a kan cinya, ya rungume shi da hannu biyu. Zeki direba, wani siririn mai haƙorin zinariya, ya ƙara taka mai.

"Usta, ba jinjiri ka ɗauko ba fa. Dutse ne."

"Uwarka ce dutse! Rage gudu!"

Tayfun ya cire hular sanyi, gumi sharkaf, yana ta dariya.

"Enishte, ka ga aiki? Minti huɗu! Wallahi ko a fim sai haka."

Enishte, wato mijin yaya. Bai taɓa kiransa haka ba sai in yana son wani abu.

"Sati biyu muka ce," in ji Rahmi. "Ba bindiga muka ce."

"Mai sayenta ne ya matsa, Mai Jirgi. Gobe jirgin ruwansa zai tashi, ya ce ko yau ko a fasa. Da na gaya maka, da ka tsaya kana min wa'azin gishiri."

"Ka ga abin da wannan dabbar ya yi wa Sabri?"

Dursun ya waiwayo yana sakace da tsinken ashana. "Wa ye dabba?"

"Sabri ne ya haƙa kabarin ubanka, Tayfun. Da hannunsa."

"To sai me? Ya zauna a ɗakinsa mana. Wa ya ce ya busa usur?"

Rahmi ya juya fuska ya tofar da yawu ta taga. Ƙyamar kansa yake ji fiye da tasu. Me ya kai shi? A farkon bazara ne aka miƙa masa takarda: an gode, wannan ce shekararsa ta ƙarshe, hannunsa ya fara rawa, baɗi wani kamfani zai zo da na'ura. Shekara ashirin da shida, sai takarda ɗaya da musabaha. Ya kai ɓacin ransa gida, Tayfun na zaune yana cin wake, ya ji. Wata biyu yana hura masa kunne. Su za su ɗauki hoto da ita a jarida, enishte, kai ko sunanka ba za a rubuta ba. Mai Jirgi mutum ne mai son kayan tarihi, a gilashi zai ajiye ta, a ɗaki mai sanyi. Rahmi ya ji, ya yarda, don yana son ya yarda. Wannan ba uzuri ba ne, shi ma ya san ba uzuri ba ne.

Abu ɗaya ya rage masa yanzu: fuskar nan ta kai inda za ta ba tare da ta zube ba. Ya ɗan ɗaga murfin ya taɓa tawul. Da sauran danshi.

* * *

A kufai kuwa motar asibiti ta tafi da Sabri. Sajan Erdal na jandarma, gajere mai kaurin wuya, yana tsaye a rumfa yana kallon teburin da ba komai a kai.

"Sun tafi da mutum ɗaya, ko? Rahmi Usta. Allah sarki, tsohon kirki."

Nurten Hoja na zaune a kan bokiti, gwiwarta a kurje. 

"Sajan, ba mu da akwati."

"Na'am?"

"Akwatin da aka sa ta. Ba mu ba da aikinsa ba tukuna, sai kaka za a kai ta gidan tarihi. Amma ya jawo shi daga bayan buhuna, sosonsa a fere daidai fuskarta. Kafin ka fere soso haka sai ka auna kunci da hanci da haɓa. Mu biyu ne kawai muke ɓare mata takarda. Ni kuwa ban auna ba."

Sajan ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Kin tabbata, Hoja? Magana ce babba."

"Da ma ban tabbata ba."

"Rahmi... ai shi ne mijin yayar Tayfun, ko? Tayfun mai satar injin ban-ruwa?" Ya buga cinya. "Shege! Gonakin ubansu duk a kan tudu suke, bayan gada." Ya fizgo wayar kafaɗarsa. "A rufe gada! Mota ko jaki, kada kowa ya wuce!"

"Zan bi ku," in ji Nurten. "Takardar jikinta ba za ta wuce la'asar da danshi ba."

* * *

Inda suka sauka tsohon gidan matsar man zaitun ne na surukin Rahmi, uban Tayfun, shekara goma rabon da a kunna shi. Warin tsohon mai da kashin awaki ya cika ko'ina. Suka ɗora akwati a kan dutsen niƙa.

Tayfun ya gama waya ya dawo yana murza hannu.

"Mai Jirgi hoto yake so. Buɗe ta, enishte."

"Ba a buɗe ta a wannan zafin. Sai an rufe taga, an yayyafa ruwa a ƙasa—"

"Kai, matsa!"

Ya sa farce ya yage takardar kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Rahmi ya runtse ido. Da ya buɗe, ga ta nan. Fatarta ruwan zuma, da ɗigo-ɗigon baƙi a kunci, da ɓawon laka a cikin gashi. Idanunta a ɗan sunkuye. Leɓen nan ja, ja mai duhu, ko gezau bai yi ba. Rahmi ya sauke ajiyar zuciya.

Zeki ya leƙo ya yamutsa fuska.

"Wannan ce? Wannan ƙazamar muka fasa wa mutum ido a kanta?"

"Kamar an tsamo ta daga kwata," in ji Dursun.

Tayfun ya ɗauki hoto ya tura. Minti ɗaya, waya ta yi ƙara. Ya sa ta a fili kowa ya ji. Muryar wani mai ƙiba ce, yana magana yana tauna.

"Me ye wannan ka turo min? Kabewa?"

"Ranka ya daɗe, ita ce. Shekara dubu biyu—"

"Na ce maka marmara. Marmara fara ce, yaro. A falo zan sa ta, kusa da farar kujera. Ku wanke ta ku sake turowa. Awa ɗaya na ba ku."

Ƙit. Ya kashe.

To ga mai son kayan tarihin. Ga mai gilashi da ɗaki mai sanyi. Rahmi ya tsaya a gaban akwatin.

"Ba za a wanke ta ba," ya ce. "Wannan launin da kuke gani ba dauɗa ba ce, fatarta ce. Shekaru ne suka yi ta. Ita ce shaidar cewa ta gaske ce. Ku ba ni wayar in yi masa bayani."

"Bayani!" Tayfun ya yi tsaki. "Mutum ya ce fari, kai ka ce bayani. Yaya kuke wanke su a can?"

"Da auduga a kan tsinke. Da ruwan da aka tace. Faɗin tafin hannu yakan ci sati."

Su ukun suka kwashe da dariya. Dursun har da riƙe ciki.

"Sati! Shi ya sa kuka shekara ashirin ba ku gama gini ɗaya ba! Abi, bar ni da ita." Ya dafa kafaɗar Tayfun, wanda suke ce wa abi, wato yaya. "Na ga wani abu a bayan gida."

Ya fita. Ya dawo da wata koriyar jarka, murfinta ya ci tsatsa. Asid ne na wanke masai, irin wanda ba gidan da ba a rasa shi a bayan ƙofa.

"Masan tsohuwata shekara talatin," in ji shi, "amma in ta zuba wannan, sai ka ga fuskarka a ciki. Minti biyar."

Rahmi ya sha gabansa.

"Dursun. Ɗana. Ajiye jarkar nan."

"Au, yanzu na zama ɗanka? Ɗazu dabba ne."

"Masai tangaran ne! Wannan marmara ce! Asid cin ta yake, narkar da ita yake kamar sukari a shayi! Tayfun, ka ji ni, ka kashe ni in ƙarya nake—"

"Ƙarya kake mana. So kake ciniki ya lalace ka mayar wa Hojarka."

Rahmi ya yi tsalle ya kifa kan akwatin. Dursun ya ɗaga shi da hannu ɗaya — tim! — ya maka shi da bango, ya danne masa wuya da gwiwa. Tayfun ya ciro Amarya ta gashi, ya dire ta a cikin kwamin dutse da ake tara mai. Ya buɗe jarka. Ya tuttula tun daga goshi.

Fuuuu!

Kumfa ta taso fara fat, tana tafasa. Hayaƙi mai yaji ya bugi hanci, Zeki ya ja da baya yana tari.

"Ka gani? Ka gani?" Tayfun na tsalle. "Tana fita! Dauɗar tana fita!"

"Ruwa!" Rahmi na ihu daga ƙarƙashin gwiwa. "Ku zuba ruwa! Don girman Allah, ruwa!"

"Ƙara mata a baki, abi," in ji Dursun. "Wannan jan ne ya fi muni."

Ya ƙara. Ya ɗauko tsohon buroshin ƙarfe a ƙasa ya bi leɓen da shi, ƙar, ƙar, ƙar. Rahmi ya ga wani siririn ruwa mai ɗan ja-ja ya gangara ta haɓarta, ya bi kwamin, ya shige rariyar da ƙazamin ruwan zaitun ke bi. Girgizar ƙasa ba ta cire jan nan ba. Laka da gishiri ba su cire shi ba. Sai yau, a hannun ɓarawon injin ban-ruwa da buroshin wanke tukunya. Tir!

Da kumfar ta lafa, fuskar ta bayyana.

Ta yi fari kam. Fari tas. Amma gashin ido ya tafi, layin leɓe ya tafi, kan hanci ya zama dunƙule. Kitson da wani bawan Allah ya zauna ya fitar silli-silli ya koma tudu mai santsi. Ko'ina ƙananan ramuka, suna ta tsiyayar farin ruwa.

"Ai... ai ta yi kyau," in ji Tayfun, murya ƙasa-ƙasa. Ya ɗauki hoto ya tura.

Wannan karon ko minti ba a yi ba.

"Ni za ka raina wa hankali? Ina ta ɗazu?"

"Ita ce, ranka ya daɗe! Wanke ta muka yi, kamar yadda ka—"

"Wannan guntun sabulu ne. Irinsa ake sayarwa a bakin titi ana sa wa a lambu. Kada ka sake kiran lambar nan."

Tayfun ya kira. Ba ta shiga. Ya sake kira. A kashe.

Zeki ya lallaɓa ya zari makulli daga kan dutsen niƙa.

"Bari in duba hanya, abi. Yanzu zan dawo."

Ba wanda ya kula shi sai da suka ji tashin inji. Dursun ya saki Rahmi ya ruga ƙofa.

"Zeki! Zeki, ɗan kare! Dawo da motar nan!"

Ina! Ƙura kawai ya gani.

Zeki bai yi nisa ba. Yana karya kwanar gada ya ga motocin jandarma biyu a gicciye. Ya taka burki, ya fito hannu a sama tun ba a ce masa ya fito ba.

"Ni direba ne kawai! Haya aka ɗauke ni! Suna gidan matsar mai, mutum biyu da tsohon, bindiga biyu, harsashi bai fi goma ba! In raka ku?"

Sajan Erdal ya dube shi sama da ƙasa.

"Ko marinka ba a yi ba fa. Ku sa min wannan ƙazamin a mota."

* * *

Rahmi bai tsaya jin zagin da ake yi wa Zeki ba. Ya rarumi bokiti ya fita rijiyar tsakar gida. Asid ba ya tsayawa don an daina zuba shi. Yana nan cikin ramukan yana ci, sai an yi ta kwarara ruwa. Ya jawo guga, ya cika, ya dawo a guje, ya sheƙa mata. Ya koma. Bokiti na biyu. Na uku.

Yana ɗauke da na huɗu jiniya ta cika tudun.

"Jandarma ne! An zagaye ku! Ku jefo bindigogi waje!"

Dursun ya fasa taga da gwiwar hannu. Tau! Tau! Gilashin motar jandarma ya zube. Aka mayar masa — ta-ta-ta-tat! — ya yi baya, ya zauna daɓas a kan tarin buhuna, bakinsa a buɗe. Bai sake motsi ba.

Tayfun ya maƙale a bayan dutsen niƙa, idanu sun fito. Ya ga Rahmi ya shigo da bokiti kamar ba abin da ake yi.

"Kai ne! Kai ka sayar da mu!"

"Matsa min, kana tare min hanya."

"Kai da akwatinka na tsiya! Da buhu muka sa ta wa zai gane?"

"Matsa, na ce."

Tau!

Bokitin ya tashi sama. Rahmi ya dubi hannunsa na dama, bai ga yatsu uku ba. Bai ma ji zafi ba tukuna. Ya durƙusa ya jawo bokitin da hagu, ɗan ruwan da ya rage a ciki ya juye mata a goshi.

Tayfun ya ɓalle ƙofar baya ya zura da gudu. Ya manta da ramin da ubansa ke zuba dusar zaitun, wanda ciyawa ta rufe. Tsulum! Har ƙirji. Baƙin ruɓaɓɓen ruwa na shekara goma. Da jandarma suka zo, sai da suka yi gardamar wanda zai miƙa masa hannu, a ƙarshe sanda suka miƙa.

Daga baya kotu ta yi nata aikin. Tayfun shekara ashirin da biyu, Zeki tara duk da surutunsa, Rahmi goma sha ɗaya. Dursun ba wanda ya zo karɓar gawarsa sai tsohuwarsa. Sabri ya rasa idon hagu, ya bar gadi. Matar Rahmi ta wayi gari miji da ƙane duk a kurkuku, ɗaya ya harbi ɗaya, ta rufe gidan ta koma wurin 'yarta a birni. Mai Jirgi kuwa ko sunansa na gaskiya ba a samu ba, jirginsa ya tashi a kan lokaci.

Amma duk wannan daga baya ne. A wannan la'asar ɗin, Rahmi na zaune a ƙasa jingine da kwami, an ɗaure masa hannu da tsumma, wani jandarma na tsaye a kansa, sai Nurten Hoja ta shigo. Ta taho da jakarta, da jiƙaƙƙiyar takarda a cikin leda, da kwalbar feshi. Ta zo ne ta sake wa Amarya lulluɓi kafin ta bushe.

Ta tsaya a bakin kwamin. Ledar ta zame daga hannunta.

Ta durƙusa a hankali. Ta kai ɗan yatsa inda leɓen yake a da, ta shafa. Farin gari mai danshi ya biyo yatsan. Ta daɗe tana kallonsa.

"Hoja," in ji Rahmi. Muryarsa ta dushe. "Ba ni na zuba ba. Na rantse da—"

Ba ta waiwayo ba.

"Hoja, bokiti huɗu kawai ta samu. Bai isa ba, yana nan yana cin ta. A yi ta zuba ruwa, awa biyu aƙalla, kada a goge, kada a sa tsumma—"

"Na sani," ta ce. "Kai ka koya mini."

Ta miƙe ta ɗauki bokitin, jininsa na jikin mariƙin, ta riƙe shi haka nan.

"Sajan, ku fitar min da mutumin nan. Aiki gare ni."

Suka ɗaga shi. Bai yi gardama ba. Har aka tura ƙeyarsa cikin mota yana jin ƙarar guga a rijiya.